Shin abin da aka gani a jikin ɓera zai iya amfanar mai ciwon fibromayaljiya?

Ƙanwar Mai Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiya da masu bincike da ke wannan zaure. Yayata ta daɗe tana fama da ciwon jiki wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau kafaɗa da wuya, gobe ƙugu da cinyoyi, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga mantuwa da ta fara damunta a wurin aiki. An yi gwajin jini, an ɗauki hoto, duk aka ce lafiya lau, har wasu a cikin dangi suka fara cewa son jiki ne, wasu kuma suka ce sanyi ne ya shige ta. A ƙarshe likitan gaɓɓai ya ce fibromayaljiya ce, ya rubuta mata magani, amma ya nanata cewa ƙwaya kaɗai ba za ta wadatar ba, sai ta haɗa da motsa jiki da gyaran barci.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk ranar da ta daure ta yi tafiya mai ɗan nisa ko ta yi aikin gida da yawa, washegari sai ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, saboda haka maganar motsa jiki ta zama abin da take jin tsoro. Da na shiga karance-karance, sai na ga yawancin bayanin da ake yi game da dalilin da ya sa motsi ke rage irin wannan ciwo daga binciken ɓeraye ya fito, haka ma bayanin na'urar lantarki da ake mannawa a fata da sauran hanyoyin da ba na shan magani ba.

Ta yaya ake sa ɓera ya kamu da ciwon da ko a jikin mutum babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi? Me aka gano a waɗannan gwaje-gwaje, kuma iya ina ya dace mu dogara da su? Ba na so in matsa mata a kan abin da zai ƙara mata wahala, ba na kuma so in bar ta a kwance idan kwanciyar ce ke ƙara ciwon.

Likitan Gashi, wato mai jinyar ciwon jiki ta hanyar gashi da motsa jiki, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya saka miki a kan ɗawainiyar da kike yi. Abin da kika bayyana, wato motsin da aka ce shi ne magani ya zama shi ne ke tayar da ciwo, shi ne ƙorafin da muka fi ji a ɗakin gashi daga masu wannan lalura, kuma a ganina babbar gudummawar da binciken dabbobi ya bayar ita ce nuna yadda maganganun nan biyu suke zama gaskiya a lokaci guda.

Babu wanda ya taɓa sa wa ɓera fibromayaljiya kamar yadda take a jikin mutum, abin da ake yi shi ne a kwaikwayi wani ɓangare nata. Hanyar da ta fi shahara ta fito ne a shekarar 2001 daga ɗakin binciken Farfesa Kathleen Sluka ta Jami'ar Ayowa a Amurka, wadda ita ma asalinta likitar gashi ce. Ana yi wa ɓera allurar ruwan gishiri mai tsami, wanda tsaminsa ya kai 4.0 a ma'aunin tsami na pH, a tsokar sharaɓa ta ƙafa ɗaya. Allura ɗaya ba ta jawo komai sai ɗan zafi da ke wucewa cikin yini guda. Amma idan aka maimaita ta a wuri ɗaya bayan kwana 5, sai dabbar ta koma tana janye ƙafa daga ɗan taɓin da a da ba ya damunta, kuma ba ƙafar da aka yi wa allura kaɗai ba, har da ɗayar da ba a taɓa ba, abin ya kai kusan mako 4. Da aka duba tsokar a madubin likita, ba a ga wani rauni na a zo a gani ba, da aka kuma daskarar da wurin allurar da maganin kashe zafi, ciwon ɗaya ƙafar bai tafi ba. Tsoka ce ta kunna abin, amma laka da ƙwaƙwalwa ne suka ci gaba da riƙe shi, kamar mai gadin gidan da ɓarawo ya haura sau biyu a mako guda, wanda daga nan ko ganye ya motsa sai ya busa usur. Wannan ne ya yi kama da halin Yaya, ciwo ko'ina, hoto kuma babu komai, don haka masu cewa son jiki ne ba su yi mata adalci ba.

Da aka samu wannan hanya, sai aka juya ga tambayar motsa jiki. A 2005 an ɗora ɓerayen da ciwon ya riga ya kama a kan na'urar tafiya, suna tafiya a hankali na ɗan lokaci kowace rana har kwana 5, sai saurin jin zafin ya ragu. Da aka ba su nalokson, maganin da ke toshe aikin dangin mofin, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi, sai amfanin tafiyar ya ɓace, abin da ya nuna cewa jiki ne ke sakin nasa sinadarin kashe zafi idan ana motsa shi. A 2013 kuma aka sa wa wasu ƙananan ɓeraye wilin gudu a cikin keji, suna hawa lokacin da suka ga dama har mako 8, sannan aka yi musu alluran nan biyu. Waɗanda suka saba da gudu ba su kamu da dogon ciwon ba, waɗanda ke zaune kawai suka kamu. Gudun bai hana su jin zafin sabon kumburi ba, abin da ya hana shi ne zafin ya zauna ya ƙi tafiya. A 2016 aka gano wani ɓangare na dalilin a cikin tsokar kanta: ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a tsoka, waɗanda ake kira makurofej, suna da hali biyu, na hura kumburi da na kwantar da shi, kuma motsi na yau da kullum yana ƙara yawan masu kwantarwa, waɗanda ke fitar da sinadarin intalukin 10. Da aka toshe aikin wannan sinadari, kariyar ta tafi.

Ɗaya fuskar ita ce ta fi shafar tambayarki. Idan aka ɗauki ɓeran da bai saba da motsi ba aka gajiyar da tsokarsa a zama ɗaya, aka haɗa masa da allura mai sauƙin tsami wadda ita kaɗai ba ta isa ta jawo komai ba, sai ciwo mai tsawo ya kama shi. A matan ɓeraye abin ya fi tsanani, domin ciwon ya fi bazuwa zuwa ɗaya ɓarin jiki, ya kuma fi daɗewa. Wato motsi mai yawa a rana guda a jikin da bai saba ba yana tayar da ciwo, motsi kaɗan da ake maimaitawa kullum kuma yana gina kariya a hankali cikin makonni. Doguwar tafiyar da Yaya ke yi ranar da ta ji dama-dama, sannan ta kwanta, tana cikin nau'i na farko.

Na'urar lantarkin da kika ambata, wadda ake kira TENS, ita ce misalin da na fi so, domin a nan binciken ɓera ya gyara yadda muke aiki da ita a kan mutane. An ga a 1999 cewa bugun lantarki mai jinkiri da mai sauri suna aiki ne ta ƙofofi daban-daban na dangin mofin da ke cikin laka. An kuma ga cewa idan aka yi wa ɓera irin bugu ɗaya da ƙarfi ɗaya kullum, zuwa kwana na 4 ya daina aiki, amma cakuɗa mai jinkiri da mai sauri, ko ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan, yana jinkirta wannan sabo. Da wannan ilimi aka tsara gwajin da aka wallafa a 2020 a kan mata 301 masu fibromayaljiya a Amurka, inda suka riƙa kunna na'urar a lokacin da suke hidimominsu har mako 4. Kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka samu na'urar gaske sun ga raguwar ciwo mai ma'ana, a cikin masu na'urar bogi kuwa kashi 22 ne. Ba ta warkar da kowa ba, amma ta rage zafin da ke zuwa lokacin motsi, wanda shi ne ke hana mutum farawa.

Shawarata ita ce Yaya ta fara da abin da take da tabbacin za ta iya ko a ranar da jikin ya ƙi, ko da tafiyar minti 5 ce a tsakar gida, ta riƙe shi kullum, kada ta ninka shi don ta wayi gari da sauƙi, sai bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya samu goyon baya mai ƙarfi a cikin duk hanyoyin da aka auna, har da magunguna.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Likita. Duk abin da ka kawo haka yake a rubuce, kuma ban saɓa wa shawararka ba. Sai dai ni da nake aiki da waɗannan dabbobi ina so Malama ta san yadda ake samo lambobin, don ta san iyakar nauyin da za su iya ɗauka.

Ɓera ba ya cewa yana jin ciwo. Abin da muke yi shi ne mu sa shi a ƙaramin akwati mai ƙasan raga, mu bar shi ya natsu, sannan mu ɗauki wani siririn zare mai kama da gashin doki, wanda aka sa wa sunan Max von Frey, masanin Jamus na ƙarni na 19, mu dangwala masa a tafin ƙafa daga ƙasa har zaren ya lanƙwasa. Idan ya fizge ƙafa, ko ya karkaɗa ta, ko ya lashe ta, sai mu rubuta. Zarurrukan suna da kauri daban-daban, don haka ana iya gane ƙaramin nauyin da ke sa shi janyewa. Wannan ma'auni ne mai kyau na saurin jin zafi, amma ki lura da abin da ya bari a waje: gajiyar da Yaya ke tashi da ita, da barcin da ba ya hutar da ita, da mantuwa, da zogin da ke zuwa ba tare da an taɓa ta ba. A 2010 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, ƙarƙashin Jeffrey Mogil, sun fito da hanyar karanta ciwo a fuskar ɓera, ta runtse ido da kwantar da kunne da yanayin gashin baki, sai dai ta fi aiki a ciwon da bai daɗe sosai ba. Su ne kuma suka nuna a 2014 cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar da hankalin ɓera har ya rage nuna zafi, abin da ba ya faruwa idan mace ce ke gwajin. Ma'aunin da warin mai riƙe da zare ke iya karkatar da shi dole a karanta sakamakonsa da taka-tsantsan.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Mafi kyawun sakamakon da Likita ya kawo na rigakafi ne, wato dabba ta yi gudu mako 8 kafin a jawo mata ciwon. Yaya kuwa ciwon ya riga ya zauna mata. A 2022 ɗakin binciken na Ayowa ya gwada atisayen ƙarfi, inda ɓeraye ke hawa ɗan tsani da nauyi a ɗaure a jikinsu sau 3 a mako. Idan an yi atisayen kafin ciwo, ya kare maza da mata duka, amma idan an fara shi bayan ciwon ya kama, maza kaɗai ya dawo da su daidai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a cutar da aka fi ganowa a mata, musamman idan aka tuna cewa da aka ƙirga binciken dabbobi da mujallar Pain ta buga daga 1996 zuwa 2005, an tarar kashi 79 cikin 100 da maza zalla aka yi. Sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara wajabta wa masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi.

Sannan kowace hanyar kwaikwayo tana ɗauke da zaton wanda ya ƙirƙiro ta. A Japan, a 2009, an fito da hanyar yi wa ɓera allurar resafin kwana 3 a jere, maganin da ke ƙwaƙule serotonin da danginsa, wato sinadaran da ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, daga ƙwaƙwalwa, to ba abin mamaki ba ne idan duk abin da ke ɗaga serotonin ya yi nasara a irin wannan dabba. A 2021 kuma masu bincike daga Landan da Libaful da Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka tace sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu fibromayaljiya suka yi wa ɓeraye allura, sai ɓerayen suka koma masu saurin jin matsi da sanyi, ƙarfin damƙarsu ya ragu, motsinsu ya ragu, bayan 'yan makonni da sinadaran suka fita daga jikinsu suka warware. Idan wannan ya tabbata ga wani kaso na marasa lafiya, to akwai waɗanda tushen ciwonsu ba shi ne wanda allurar ruwan tsami ke kwaikwaya ba.

Ina faɗin wannan ne saboda dabbobin nan ciwo na gaske ake jawo musu. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa tun 1959 ita ce a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala, kuma a ganina haƙƙinsu ne a kanmu kada mu ɗora wa sakamakonsu abin da bai faɗa ba. Ɓera yana nuna mana ta wace hanya abu zai iya aiki, amma gwajin mutane ne ke yanke hukuncin ko yana aiki, kuma motsa jiki ya samu matsayinsa ne saboda ya ci wannan jarrabawa ta biyu.

Tsohuwar Malamar Makaranta ta rubuta:

Ina yi wa likitocinmu biyu godiya. Ni ma ina cikin masu wannan ciwo, kuma ina tabbatar wa ƙanwata mai tambaya cewa tafiya kaɗan-kaɗan bayan sallar la'asar ta fi mini amfani a kan zage dantse rana ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da shi shi ne hunturu da kuma daren da ban samu barci ba, ranar nan ko bargo ne ya danne mini kafaɗa sai in ji kamar an ɗora mini kaya. Ina so in ji ko an bincika sanyi da barci a dabbobi. Haka kuma jikokina sun turo mini bayanin wani koren ƙwan lantarki da ake sayarwa a intanet, wata ƙawata kuma tana ta ba ni shawarar ƙaho da tausa. Wanne ne a cikinsu yake da tushe?

Likitar Dabbobi ta amsa:

Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya. Abubuwa biyun da kika lura da su a jikinki duk an gan su a ɗakin bincike. A 2008 Hiroshi Ueda da abokiyar aikinsa a Jami'ar Nagasaki suka nuna cewa idan ana sauya wa ɓera wuri tsakanin sanyi mai digiri 4 da ɗumi mai digiri 24 duk bayan minti 30 na 'yan kwanaki, yana kamuwa da saurin jin zafi a duk jiki wanda ke kai kusan mako 2, daga baya kuma, a 2010, aka nuna cewa mofin ba ya yi masa aiki yadda ya kamata. Yawan sauyin ne ya yi ɓarnar fiye da sanyin kansa, domin ɓerayen da aka bari cikin sanyi ba sauyi ba su daɗe da ciwon haka ba.

Barci kuwa shi ne wurin da shaidar mutum da ta dabba suka fi haɗuwa. Tun a tsakiyar shekarun 1970 Harvey Moldofsky a Toronto ya riƙa katse wa lafiyayyun mutane barci mai nauyi da ƙara, sai suka wayi gari da ciwon tsoka da wuraren da ke zafi idan an danna. A 2017 masu bincike a Boston suka hana ɓeraye barci ta hanyar ba su kayan wasa suna ɗauke musu hankali, ba tare da tsoratarwa ba, sai saurin jin zafinsu ya ƙaru, kuma maganin zafi na aibufurofen bai gyara shi ba, mofin ma ƙarfinsa ya ragu, amma da suka rama barcin suka koma daidai. Saboda haka idan likita ya ce a gyara barci, ba maganar cika baki yake yi ba, tana cikin jigon maganin.

Koren haske daga Jami'ar Arizona ya fito, daga Dokta Mohab Ibrahim. A 2017 ya nuna cewa ɓerayen da aka sa cikin koren haske awa 8 a rana har kwana 5 sun rage jin zafi, amfanin ya ɗore 'yan kwanaki bayan an kashe fitilar, kuma da aka rufe musu ido da gilashin da haske ba ya ratsawa sai amfanin ya ɓace, wato ta ido yake shiga ba ta fata ba. Bincike ne mai kyau. Amma gwajin da ya biyo baya a kan masu fibromayaljiya mutum 21 ne kacal, dukansu sun fara da farin haske sannan suka koma kore, kuma kowa yana ganin launin da ke gabansa, don haka ba a iya raba aikin hasken da aikin sa rai. Ni dai ba zan ce ki kashe kuɗi mai yawa a kansa yanzu ba.

Likitan Gashi ya ƙara da cewa:

Hajiya, bari in ɗauki ƙaho da tausa, tunda su ne suka fi kusa da aikina. An yi gwaji a Jamus, wanda aka wallafa a 2016, a kan masu fibromayaljiya 141, inda aka kwatanta busasshen ƙaho, wanda ba a tsaga fata, da ƙahon bogi mai ɗan rami da ke sakin iska, da kuma waɗanda aka bari a kan kulawar da suka saba. Masu ƙahon sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba samun sauƙi, amma ba su fi masu na bogi ba. Wannan hukunci ne a kan wannan ciwo kaɗai da wannan nau'in ƙaho kaɗai. Tausa kuwa akwai kyakkyawan bincike daga Jami'ar Harvard a 2021, inda wata 'yar na'ura ta riƙa matsa tsokar ɓera da ta ji rauni, aka ga ƙwayoyin kumburi sun fi saurin fita, tsokar ta fi saurin farfaɗowa. Sai dai wannan tsoka ce mai rauni, a fibromayaljiya kuwa tsokar ba ta yage ba, jijiyoyin ne suka yi saurin amsawa, shi ya sa tausa mai ƙarfi takan bar wasu da ciwon da ya fi na da. Idan za a yi miki, a yi mai laushi, a tsaya da zarar kin ji ta wuce daɗi.

Wanda zai gwada TENS kuma ya fara tuntuɓar likitan gashi, domin ba a sa ta ga mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ba a manna ta a gaban wuya, ba a kuma manna ta a kan cikin mai juna biyu. Wanda ya daɗe yana shan dangin mofin ya sanar da likita, saboda an ga a ɓeraye, daga baya kuma a mutane a Kanada, cewa bugu mai jinkiri ba ya yi wa irinsu aiki sosai.

Ƙanwar Mai Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a cikin bayanin Likita: an ce ɓerayen suna hawa wilin ne lokacin da suka ga dama. Shin wannan yana da wani tasiri a sakamakon, ko kuwa motsi motsi ne, da son rai ko da tilas?

Likitar Dabbobi ta amsa:

Yana da tasiri sosai, Malama, har ma masu bincike suna raba su gida biyu tun wajen tsara gwaji. A Jami'ar Zulia da ke Marakaibo a ƙasar Benezuwela, an nuna a 2000 cewa idan aka jefa ɓera cikin ruwan da ba zai iya fita ba, aka tilasta masa iyo minti 10 zuwa 20 a rana har kwana 3, yana fitowa da saurin jin zafi da ke ɗaukar fiye da mako guda. Har yau ana amfani da wannan tilasta iyo a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin jawo ciwo mai kama da fibromayaljiya. Iyo motsa jiki ne, gudu a wili ma motsa jiki ne, amma ɗaya ana jawo ciwo da shi, ɗaya kuma ana hana ciwo da shi, kuma cikin abubuwan da suka raba su akwai tsoro da rashin mafita. Ɓeran da ke da wili a keji yakan yi gudun kilomita da dama a dare ɗaya, sai dai ba a jere yake yin sa ba, yakan yi ɗan gudu ya sauka, ya ci abinci, ya huta, ya sake hawa, shi ke zaɓar lokacin farawa da na tsayawa. Na'urar tafiya ta ɗakin bincike kuwa wani lokaci har da ɗan girgizar lantarki a bayanta don kada dabbar ta tsaya, shi ya sa masu lura suke cire wannan girgiza, suke kuma auna sinadarin tashin hankali a jinin dabbar kafin su ce motsi ne ya yi aiki.

Ba a ɗauko wannan kai tsaye a ɗora wa mutum, amma gwajin mutane bai saɓa masa ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga Boston a kan masu fibromayaljiya 226, atisayen taici na ƙasar Sin, wanda motsi ne a hankali tare da daidaita numfashi, ya yi daidai da atisayen da ke sa haki ko ma ya fi shi, kuma mutane sun fi halartar darussansa. Saboda haka ki bar Yaya ta zaɓi irin motsin da lokacinsa, ki raka ta idan tana so, ranar da ta ce a tsaya a minti 3 kuma a tsaya, gobe a sake fita.